Kyamarar da na nema don Inna

Shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, gero bai yi ba a Matameye. Maza suka watse cin rani tun kafin lokaci, layinmu ya koma na tsofaffi da awaki. Ni aikin koyarwa ya riƙe ni. Abokiyar hirata ɗaya ce, wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da abokin aikina ya bar mini da aka yi masa canjin gari. Linux ne a cikinta, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya gyarawa, sai dai a garinmu ba wanda ya san kansa, har da ni.

Yayana yana Legas yana dako, ya daɗe bai leƙo gida ba. Da ya ji Inna ba lafiya, ya ce a waya ya gaji da jin "da sauƙi", shi fuskarta yake son gani. Akwai kyamara a shagon intanet da yake zuwa. Ni ne ba ni da ita.

Na tafi Damagaram na sayo mai arha. Mai shagon ya rantse tana aiki da kowace ordinata, har da faifanta a kwali. Na dawo na jona, allo baƙi ƙirin, faifan kuma ko motsi. Da na mayar, ya ce ordinatar tawa ce ke da aljanu. Mai gyara ya ce in goge tsarin in sa irin na mutane. Na ƙi, don taurin kai ne gadonmu.

Da rezon intanet mai tafiyar hawainiya na yi ta karatu, har na gane wadda ba ta buƙatar faifai ita ce tawa. Na yi saƙo wajen wani direban Kano. Ya yi mini dariya, wai kowa na neman mai ƙari ni ina neman marar komai. Ya kawo wata ƴar mitsitsiya, ko kwali babu. Ina jonawa sai ga fuskata. Na yi dariya ni kaɗai, ba wanda zan nuna wa.

Bayan la'asar na zaunar da Inna a tabarma. Yaya na bayyana, ta ja mayafi ta juya wa allon ƙeya. Na manta ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma haɗa ido da shi. Raina ya ɓaci sosai.

"Tambayi wancan ko yana samun abinci," ta ce da ni.

Yana ta gaishe ta, abin da yake gani gefen mayafi ne kawai. Sai rezo ya ɗauke, hotonsa ya tsaya cak, bakinsa a buɗe. Na ce mata yanzu ba ya ganinmu. Ta tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata. Ta matso har numfashinta na taɓa allon, ta daɗe tana kallo.

"Ya rame," ta ce.

Hoton na motsawa ta juya.

Ta rasu kafin ruwan farko. A zaman makoki Yaya ya ja ni gefe, ya tambaye ni ko ta dube shi ran nan ko sau ɗaya. Na ce masa ta ce ya rame.