Sakatariya da Kalandar da Ta Ƙi Magana

Har yau Sakatariya ake ce mata, ko da yake rabonta da wannan aiki tun autarta na goye. A ofishin lauyoyin da ta yi ƙuruciyarta babu mai saurinta a bugun takarda, tana bugawa tana hira, ko kallon yatsunta ba ta yi. Ciwon ido ya lallaɓo mata, ya fara ci daga gefe, har wata safiya ta nemi ƙofar ɗakinta ta rasa. Lauyoyin suka yi mata sannu, suka ɗauki wata.

Ta daɗe a zaune. Mijinta, direban motar haya, shi ya samo mata tsohuwar kwamfuta, aka sa mata manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. 'Ya'yanta suka raɗa wa muryar suna Aku. Yatsunta kuwa ba su manta komai ba, nan da nan ta koma shiga intanet kamar kowa.

Da haka wani kamfani mai gina wa asibitoci shafukan intanet ya ɗauke ta, don ta riƙa gwada musu ko makaho zai iya amfani da abin da suka gina. Aka ba ta tebur kusa da injin kwafi, inda kowa ke bangazar kujerarta. A makon farko Manaja ya tsaya bayanta aka ɗauke su hoto, aka rataye a ɗakin baƙi.

Tun ranar ta gano inda matsalar take. Mai son ganin likita sai ya zaɓi rana, wata 'yar kalanda ta buɗe a allo. Ita kuwa in ta iso nan, Aku ba ya cewa komai sai "maɓalli, maɓalli, maɓalli". Babu rana, babu wata. In ta yi ƙoƙarin fita, a jefa ta can saman shafi ta sake daga farko.

Ta kira Injiniyan da ya haɗa shafin, ta sa masa abin sauraro a kunne.

"Ɗana, ba abu mai yawa nake nema ba. Ta faɗi ranar da watan, ta faɗi in ranar ta cika, in iya yawo a ciki da maɓallan kibiya. In ya gagara, ku bar mini gurbi in rubuta da hannuna."

"Mama, ba wuya," in ji shi. "Manaja kawai zai ba ni lokaci."

Manaja ya ce sai bayan an ƙaddamar da shafin. Da aka ƙaddamar, ya ce sai an gama canza launi. Duk lokacin da ta tayar da maganar sai ya yi dariya ya ce, "Mama kenan, ke da kalandarki."

Ana nan ta ji wani ƙullutu a ƙirjinta. Asibitin unguwarsu ya daina karɓar waya, ya koma shafin kamfaninsu. Ta so ta ji ta bakin likita kafin ta tayar wa kowa da hankali, amma kalanda ta tare hanya. Dole ta miƙa wa ƙanwar mijinta waya ta zaɓa mata rana. Kafin yamma dangi na nesa da na kusa suna ta kira, wata har da kuka. Mijinta ma a tasha ya ji, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Ƙullutun bai zama komai ba, amma abin ya tsaya mata a rai. Ranar da mutanen wani asibiti suka zo kamfanin, Manaja ya nuna ta yana cewa shafinsu na kowa ne. Ta ɗago ta ce, "Yallaɓai, ban da ni. Ni ban taɓa iya zaɓen rana a cikinsa ba."

Ƙarshen wata aka ce mata aikin gwaji ya kammala, an gode.

Ta koma gida tana buga wa ɗalibai ayyukan makaranta. Bayan an daɗe Injiniya ya kira ta, muryarsa cike da murna. Wani babban asibiti ya ce ba zai sa hannu ba sai an gyara kalandar, shi kuma ya zauna da safe, kafin abincin rana ya gama.

"Kafin abincin rana," ta maimaita.

"Wallahi, Mama. Manaja ya ce ko za ki ɗan gwada mana, a matsayin taimako."

Ta ce ta ji. Da lokacin komawarta asibiti ya zo ta shiga shafin, Aku ya faɗi rana da wata tiryan-tiryan, ta zaɓa da kanta. Ba ta kira kamfanin ba.

Mijinta ya leƙo ya tambaye ta ko abin ya yi.

"Ya yi," ta ce. "Da ma can zai yi."

Ta jawo kujerarta, ta ci gaba da aikin ɗalibin da ke jiranta a ƙofa.