Filashin da Na Hana a Cika

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a ɗakina na Rijiyar Lemo aka yi ta.

'Yata ta rasu ta bar mini abu biyu: yarinya budurwa, da tsohuwar kwamfutar da take aiki da ita. A kanta jikar tawa take gwajin jarrabawar shiga jami'a, tunda yanzu a na'ura ake amsawa. Sai dai kwamfutar ta gaji. Ka kunna ta, ka ɗora ruwan shayi ya tafasa, tana nan tana tunani.

Ɗana, kawun yarinyar, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ya ce, "Hajiya, wannan ai ta zama ta 'yan jari bola. Su zo su ɗauke, yarinya kuma ta zo shago ta koyi auna yadi."

Na ce, "Ni ma nawa gare ni wajen tashi. Ka kira su su haɗa da ni."

Washegari na naɗe kwamfutar a zane, muka hau adaidaita ni da jikata sai Sabon Gari, wajen wata mai gyara, 'yar Ibo, haifaffiyar unguwar, Hausa a bakinta tar. Ta duba ta ce, "Mama, ba ta mutu ba. Wurin da take baza aikinta ne ya yi mata kaɗan." Ta ɗauko filashi, ɗan abu kamar yatsa, ta soka mata a gefe, ta danne-danne. "Na ba ta wannan ta riƙa ajiye abin da ke hannunta. Ba za ta koma sabuwa ba, kar in yi miki ƙarya, amma za ta rage nawa. Kar a zare, kar a zuba masa komai."

Nan take na gane. Mai tankaɗe ba ta aiki sai da faifan da babu komai a gefenta.

Kwamfuta ta ɗan miƙe, yarinya ta duƙufa. Kawunta ya tambaye ta me ke cikin filashin, ta ce ba mu zuba komai ba. To mu a gidanmu ba a mayar da kwano wayam. Muna gidan suna ya zare shi, ya kai shi Bata, can wajen masu tura wa mutane waƙoƙi da karatu a waya, aka cika shi maƙil da karatun Alƙur'ani. Ya miƙo mini yana murmushi. "Hajiya, ga tsaraba. Ya fi ya zauna a banza."

Kwamfuta ta koma gidan jiya. Yarinya ta zauna gabanta hawaye na zuba, ga jarrabawa ta ƙarato.

Na ce a kwashe abin da aka zuba. Ɗana ya zaro ido. "Hajiya! Karatun za ki sa a goge? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Kai, ni na fara biya maka Fatiha, ba ka ma iya ɗaura wando ba. Kar ka tsorata ni da mutane. Zan sama wa karatu wurinsa, faifan yarinya kuma a bar mata."

Muka koma Sabon Gari. Mai gyara ta yi dariya har da riƙe ciki. "Mama, ba na ce kar a zuba ba?"

"Ke dai 'yar nan, gyara. Alheri aka yi mana ya zame mana aiki."

Ta juye karatun kaf a wayata, ta share filashi, ta sake ɗora shi a bakin aikinsa. Da muka dawo na samo jan zare, na ɗaure filashin da jikin kwamfutar a gaban ɗana. Na ce duk mai son zare shi ya fara kwance hannuna.

Jikata ta ci jarrabawarta, tana jami'a, ita ce ma take buga wannan da nake faɗa, a kan kwamfutar uwarta. Ɗana ya ɗauki wani mai auna masa yadi, har yau in ya shigo sai ya harari jan zaren. Mai gyara ta koma babban shago, duk Sallah ina aika mata da tuwo, ba ta taɓa dawo da kwanon wayam ba. Ni kuwa ina nan, karatu na tashi a wayata kowace safiya, 'yan jari bola kuma ba su ɗauki ko ɗayanmu ba.