Tsintsiyar Kaka Mangru

Kullum da la'asar, idan motocin masu ɗaukar hoto suka fara fitowa daga gandun daji, Mangru Dhurwe yakan saɓa tsintsiyarsa ya nufi inda kowa yake barowa. A bakin dajin akwai wani dutse da aka shafe da jar hoda. Yakan taɓa dutsen, ya taɓa goshinsa, sannan ya shige. Ba ya riƙe bindiga. Kayan aikinsa tsintsiya ce da rariya, da gorar ruwa, da ƙullin farin garin nan da ake ɗaurin karaya da shi a asibiti.

Aikinsa shara ne, sai dai shara ce mai hatsari. Wurare goma sha huɗu yake da su a hanyoyin da damisa ke bi. Yakan share kowanne tas, ya tankaɗe lallausar ƙasa a kai. Gari na wayewa sai ya kurɓi shayi, ya cusa gurasa da albasa a aljihu, ya koma ya karanta abin da aka taka. Daga sawu yake sanin wa ya wuce, namiji ne ko mace, a ƙoshe ko da yunwa. Idan sawun sabo ne gare shi, sai ya dama farin garin ya zuba a ciki, ya jira ya daskare, ya ɗauke shi zuwa ofis. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki a dajinmu na tsakiyar Indiya, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye shi.

Direbobi sun sha yi masa tsiya, wai damisa ce matarsa. "Kaka, ka gama share wa matar taka ɗaki?" Shi kuwa sai ya ce, "Na gama. Ta ce in gaishe ku, wai kun yi ƙiba." Bayan tsiyar kuma wurinsa suke zuwa a asirce su tambayi inda za su kai baƙinsu. Matarsa ta gaske, Fulwati, ba ta taɓa yin dariyar wannan wasa ba. Ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta ɗora tukunyar dare sai ta ji tarinsa a ƙofa.

Mu da muka tashi a bakin daji akwai abin da ake koya mana tun kafin mu iya ƙirga: kada ka tsuguna. Damisa tana shakkar mutum a tsaye. Idan ya tsuguna ya ba ta baya, ba ta ganin mutum, nama take gani. To ga shi aikin Mangru ba ya yiwuwa sai a tsugune.

Shekara uku da suka wuce, lokacin zubar furen mahuwa, wata bishiyar dajinmu da ake busar da furenta a sayar, mata suka fita da sassafe tsintar furen kamar yadda suka saba, don da shi ake rufa wa gida asiri kafin damina. Budhiya, matar Chaitu, ta ɗan yi nisa da sauran. Tana duƙe tana cika kwandonta aka ɗauke ta. Ba wanda ya ji ihunta. Kwandon aka fara gani a kife.

A ranar, ƙauyenmu na Amatola bai ci abinci ba. Kafin azahar kowa ya yanke hukunci cewa Bindiya ce. Bindiya ita ce damisar da ke da ɗigo a goshi irin wanda matanmu ke sawa, ita ce kuma wadda baƙi ke biyan kuɗin jirgi don su ɗauki hotonta. Ita kaɗai mutane suka sani da suna, saboda haka ita aka kama da laifi. Tana da 'ya'ya uku a lokacin, ko wata huɗu ba su cika ba. Jama'a suka yi cincirindo a ofishin gandun daji, suka ce ko a harbe ta ko su cinna wa dajin wuta. Ba na ganin laifinsu, wanda ya ga gawar Budhiya ba zai yi maganar haƙuri ba. Babban jami'i ya buga waya, aka ce maharbi zai iso gobe da tsakar rana.

Mangru ya tsaya a bakin ƙofar ofis, gaban babban jami'in, yana murza hularsa.

"Sahab, ba ita ba ce. Sawunta yana can wajen tafki, ita da yaranta. Ba ta haura nan ba kwana shida."

"To wa ya yi?"

"Wani namiji ne baƙo. Na ga sawunsa a mashigin rafi, ya shiga wajen bishiyoyin ya kuma fito. Yana jan ƙafar hagu."

"Kaka, mutum ɗari uku ne a waje. In fita in ce musu mai shara ya ce? Kawo mini shi a kan teburin nan kafin maharbi ya sauka. In ba haka ba, hannuna a ɗaure yake."

Chaitu ya ji maganar ta taga. Shi da Mangru tare suka yi kiwo suna yara, Dada yake ce masa, wato yaya. Ya tare shi a hanya, idonsa jawur, ya ce, "Dada, matata ko tokar ƙona gawarta ba ta huce ba, kai kana neman wa kyanwar Turawa lauya?" Ya tofar da yawu a gabansa ya wuce.

Wurin da aka kashe Budhiya jama'a sun tattake shi. Sawun da ya rage shi ne na mashigin rafi, a ƙasan wani kwari da gora ta rufe, kuma mai sawun bai yi nisa ba, don an ƙwace masa abin da ya kama. Ba ma'aikacin da ya yarda ya raka shi. Wata mai ɗaukar hoto ce daga birni, Madam Nandita, wadda ta shekara biyar tana bin Bindiya, ta ce a tafi a motarta. Mota ba ta iya sauka kwarin, sai ta tsaya a kan gaɓa. Mangru ya gangara shi kaɗai.

Direban da ya kai su ya ce har yau bai manta da safiyar nan ba. Sawun yana nan a kan ƙasar da Mangru ya tankaɗe, faɗinsa ya kusa faranti. Ya tsuguna, ya dama garin, ya zuba. Minti ashirin yake ɗauka kafin ya daskare, kuma dole a kare shi da hannu da jiki kada busasshen ganye ya faɗa ciki. Ana cikin haka wani biri ya yi tarin gargaɗi daga saman bishiya. Barewa ta amsa daga hagu. Sai kuma daji ya yi tsit, ko tsuntsu babu.

"Kaka," direban ya kira da murya ƙasa-ƙasa, "bar abin nan ka hau."

"Bai kama ba."

"Kaka, yana bayanka."

Mangru ya riga ya sani. Ya ji warinsa. Ya ce zufa ta cika masa ido, abin da ya faɗo masa a rai kawai shi ne Fulwati tsaye da tukunya a hannu. Idan ya ruga, ya mutu. Idan ya zauna a tsugune, ya mutu. Ya miƙe a hankali, ƙafa ɗaya a kowane gefen sawun don kada ya taka, ya juya, ya ɗaga tsintsiya sama da kansa don ya ƙara tsawo. Taku ashirin ne tsakaninsu. Namijin damisa ne tsoho, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, kunnuwansa a kwance, yana wani gurnani da ake ji a ciki kafin a ji a kunne.

Sai Mangru ya shiga yi masa magana. "Maigida, sannu. Na san da ciwo. Ba wurinka na zo ba, shara nake yi. Ka yi haƙuri ka wuce." Haka ya yi ta maimaitawa. Madam Nandita ta ce hotuna goman farko da ta ɗauka duk sun lalace, na sha ɗaya ne ya fita. Damisar ya ɗaga dagin hagu, ya tsaya jim, sannan ya juya yana ɗingishi ya shige gora. Mangru bai hau ba. Ya sake tsugunawa a wurin nan, ya jira sauran minti shidan, ya ɗauke abinsa. A mota ne ya yi amai.

Kai ne ka ajiye farin sawun nan a teburin Sahab saura awa guda maharbi ya sauka, Kaka Mangru. Kusa da shi aka ajiye hoton, kuma hoton ya nuna abin da ba wanda ya so gani: wayar ƙarfe ta nutse a dagin har ƙashi. Irin wayar da mu kanmu muke ɗana wa aladun daji tarko da ita a gefen gonakinmu ce. Ita ta hana shi farautar barewa, yunwa ta koro shi wajen mata. Kai ne kuma ka tsaya gaban ƙauye ka faɗi wannan magana, alhali ka san a cikinsu za ka kwana. Shekara guda ba a gayyace ka biki ba, Fulwati ma ita kaɗai take zuwa rijiya.

An yi wa tsohon damisar allurar barci aka kai shi gidan namun daji. Bindiya ta rayu, 'ya'yanta uku sun girma, ɗaya har ta haihu bana. Hotunansu sun zaga duniya da sunan waɗanda suka ɗauka a ƙasa. Ban taɓa ganin sunan mai tsintsiya a ko ɗaya ba, kuma abin yana ci mini rai.

Na tambaye shi ko yaushe ya daina jin tsoro. Ya dube ni kamar na yi wauta. "Wa ya ce maka na daina? Kullum sai na ji shi a bakin dutsen nan. Ranar da na daina ji, ranar za a tsinci tsintsiyar."

Makon jiya ma'aikata suka yi masa ɗan taron ban kwana, aka rataya masa furanni a wuya, aka raba shayi. Ana shirin tashi sai ga Chaitu da buhu a kai. Shekara uku bai yi masa magana ba. Ya sauke buhun a gaban Mangru ya zazzage. Wayoyin tarko ne, sun yi tsatsa, sun fi hamsin.

"Na bi gonaki na kwance," in ji shi. "Na gonata na fara cirewa, Dada. Guda ɗaya ban same ta ba, ta tsinke tun shekarar da aka ɗauke Budhiya."

Mangru ya kama hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi, ya miƙa masa nasa kofin shayin.

Mun gode, Kaka Mangru, mai karanta ƙasa. Mun gode saboda damisar da ba a harba bisa kuskure ba, da matan da suka fita tsintar mahuwa bana suka dawo duka. Ku masu gona a bakin daji, ku bi shingenku ku kwance abin da kuka ɗana. Ku kuma matasan da aka ɗauka aiki, wurare goma sha huɗun nan suna jiran shara ranar ɗaya ga wata. Ya bar muku tsintsiyar a jingine da dutsen, kuma ya ce a gaya muku wanda ba ya jin tsoro kada ya ɗauka.