Ranar da Hajiya Fatsima Ta Koma Ba a Kira Ta Ba

Duk Bahaushiyar da aka yi wa biki a Saint-Denis ko Aubervilliers, gefen Paris, daga 2004 zuwa yau ta san Hajiya Fatsima mai hoto. Ƙanwar kakata ce ta wajen uwa, shi ya sa nake ce mata amarya, ita kuma ta ce mini miji ba cefane. Sunana Ilya. A gidanta nake zaune tun da na bar makaranta, ko in ce tun da makaranta ta bar ni.

Ba gadon hoto ta yi ba, aure ne ya kai ta. Mijinta, marigayi Malam Moutari, yana da shagon hoto a Damagaram, ita kuma tana ɗakin baya tana wanke hotuna tana shanyawa a igiya kamar kayan jarirai. Da suka zo Faransa ya kama gadi, ranar Asabar kuma ya ɗauki hoton suna da biki. Ya rasu a 2003, ya bar mata kyamara baƙa mai nauyin bulo, da ido biyu a gaba, ɗaya bisa ɗaya. Ba a ɗora ta a fuska. A ciki ake rungume ta, a buɗe murfin sama, a sunkuya a leƙa. A gefenta akwai hannu da ake murzawa kamar na keken ɗinki, shi ke jan fim.

Da wayoyi masu hoto suka cika gari, kowa ya ce kasuwar tsohuwa ta mutu. Ashe lokacin ta fara ci! Wata amarya ta yar da mayafi ta taka rawa a wunin mata, kafin a kwashe kwanuka hotonta ya isa Maradi hannun surukinta. Aka sha rigima. Tun daga nan iyaye mata suka kafa doka: a bakin ƙofa akwai kwando, kowace mace ta jefa wayarta kafin ta shiga. Hajiya Fatsima kaɗai ke wucewa da abin ɗaukar hoto. Ita da kanta take kai fim wurin wata mata mai injin wanki, ta zauna kusa da injin har a gama, sannan ta naɗe hotunan da baƙin fim ɗinsu a ƙyalle ta damƙa wa uwar amarya. Ko ɗaya ba ya kwana a hannunta.

Tsofaffi kuma suna sonta don ba ta ƙura musu ido. Kanta a sunkuye take aiki, kamar mai gaida suruka. An taɓa ara mata irin wadda ake ɗorawa a ido, ta ɗaga ta saita wata tsohuwa, tsohuwar ta ja mayafi ta ce, "Fatsima, harbina za ki yi?" Ita ma Hajiyar ba ta ganin komai ta wannan ɗan ramin.

To, wata Litinin cikin watan Afirilu na 2012, tana goge kyamara, ta murza hannun, sai ƙaras! Hannu ya shiga juyawa a banza. Ga shi ranar Asabar bikin Raliatou ne, ɗiyar aminiyarta, yarinyar da ta goya da bayanta. Mata za su zo daga Bruxelles, wasu ma tun daga Yamai.

"Ilya! Ilya! Mai ido biyu ta mutu!"

"Allah ya jiƙanta. Yaushe za a raba gado?"

Takalmi ya biyo ni har kicin.

Talata da Laraba muka tattake titin masu kyamara da ke kusa da dandalin Bastille a Paris, shago bayan shago. Kowane mai gyara ya buɗe gefen sai ya yi fito. Wani ɗan faifai ne mai haƙora, bai fi maɓallin riga ba, haƙora uku sun karye. Kamfanin da ya ƙera shi ya rufe tun ba a haife ni ba. Suka ce hanya ɗaya ce, a samo gawar irinta a ciro. A shago na tara wani mai gemu ya rubuta mana adireshi a bayan ambulan: Musiye Perrin, a Bron, gefen Lyon. Ya ce tsohon ba ya ɗaukar waya, ba ya aiko da kaya, sai dai a je.

Alhamis da sassafe muna cikin jirgin ƙasa. Hajiya ta naɗe kyamara a zane ta ɗora a cinya, tana ta rawar ƙafa kamar yarinya ranar sallah. Awa biyu ba ta rufe baki ba. Ta ba Baturen da ke kusa da mu goro, ya karɓa yana juya shi, ya rasa ta inda ake buɗewa.

Daga tashar Lyon muka hau tiram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, har Bron. Musiye Perrin dogon tsoho ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya kai mu garejin bayan gidansa ya kunna fitila. Wayyo Allah! Kyamara daga ƙasa har rufi, kowace da 'yar takardarta a rataye. Ya dubi tamu, ya gyaɗa kai, ya hau tsani, ya sauko da wata a hannu biyu kamar an miƙo masa jinjiri. Gilashinta ya tsage, fatarta ta ɗaye, amma da ya murza hannun sai ka ji tik, tik, tik.

Hajiya ta mintsine ni har na ga taurari.

"Ita ce," ta ce ƙasa-ƙasa. "Rufe haƙoranka, sakarai, kada ya ga muna so. Abin da na faɗa shi za ka faɗa, kada ka rage."

Ta ɓata fuska. Ta ɗaga kyamarar mutumin da yatsu biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera.

"Wannan ce? Don wannan muka baro Paris? Ce masa a garinmu ko yara ba za su yi wasa da ita ba."

Na faɗa masa da Faransanci.

"Ce masa a bola ya tsinto ta. Taimakonsa zan yi in rage masa shara."

Da na iya sassautawa, ban ƙi ba. Amma an ce kada in rage, kuma gaskiya ina son in ga yadda kunnen tsohon zai yi. Na juya maganar tsaf, har da sharar.

Kunnen ya yi ja kamar tumatir. Ya zare kyamarar daga hannunta, ya goge inda ta taɓa da gefen rigarsa, ya hau tsani ya mayar. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, kuma ga ƙofa can.

Hajiya ta yi murmushin jin daɗi. "Kai, tsohon nan ya iya ciniki. Mu tafi. Kada ka waiwaya. Kafin mu kai bishiyar can zai kira mu."

Muka fita tana jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa. Muka kai bishiya. Shiru. Muka wuce shagon burodi, ta tsaya gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Shiru. Muka isa tashar tiram muka zauna. Tiram ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce.

"Waiwaya a hankali. Yana tahowa?"

"Amarya, yana ba furanni ruwa."

"Ƙarya kake!"

"Har ya rufe garejin. Nan ba kasuwar Damagaram ba ce, ba mai biyo ki yana kawo kuɗin, kawo kuɗin. Kin zagi ɗiyarsa a gabansa."

Shekara arba'in tana cin kasuwa, daga masu atamfa har 'yan Sin na Aubervilliers, ba ta taɓa juyawa ta koma wurin mai kaya ba sai an kira ta. Da wannan take taƙama a gaban ƙawayenta.

Can ta ce, "In ban je da ita ba, ko Raliatou ta tashi ba hoto ko ɗaya, ko a kife kwandon nan kowa ta shigo da waya. Yarinyar kuwa rawa take so ta yi." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Tashi. In ka faɗa wa wani a Saint-Denis, sai na yanke maka harshe."

Ga shi kuwa ina faɗa, da izininta, bayan shekara shida ina roƙo.

Muka same shi da butar ban ruwa a hannu. Hajiya ta russuna ta gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, har furannin sai da ta tambaya. Ta ce masa pardon, wato ya yafe mata, da bakinta, sau uku. Sannan ta ce in gaya masa, a hankali, ba da iskancina ba: a wurinmu abin da ba ka so ba ka tanka masa, wucewa kake yi. Wanda ka tsaya kana kushewa, shi ne wanda in ba ka samu ba ba za ka yi barci ba.

Wannan karon na yi aikina da kyau. Tsohon ya sauke tabarau na goshi ya ɗora bisa na ido. Ya ce to, ta nuna masa hotunan da take ɗauka.

"Ba ni da ko ɗaya."

"Mai hoto ba hoto?"

Na ba shi labarin kwando da ƙyalle. Ya ajiye buta. Ya buɗe gareji, ya ɗauko fim sabo ya miƙa mata don ya gwada ta. Hajiya ta kwance zane, ta buɗe bayan kyamararta, ta zare tsohon ƙarfen naɗi, ta ɗora fim, ta ja bakin takardar ta soke, duk idonta na kan fuskarsa tana tambayarsa jikoki nawa gare shi. Yatsu kawai ke aiki.

Ya hau tsani.

Minti arba'in ya yi a kan tebur, ƙananan kusoshi jere a faranti. Da ya buɗe tamu ya shinshina ya dube ni, na ce turaren wuta ne, komai na gidanmu haka yake ƙamshi, har ni. Ya ciro ɗan faifan daga waccan da hantsaki, ya dasa a wannan, ya ɗaure, ya tura mata.

Ta sa hannu ta murza. Tik, tik, tik, ƙyas!

Guɗar da ta rangaɗa sai da karen maƙwabta ya amsa. Musiye Perrin ya dafe ƙirji, sannan ya fashe da dariya. Ya faɗi kuɗinsa. Na ga bakin Hajiya ya buɗe da kansa, na ga "haba, rage dai" ta taho har bakin leɓe, na take mata ƙafa da ƙarfi. Ta haɗiye, idonta har da ƙwalla, ta biya yadda ya faɗa.

Ranar Asabar ta shiga zauren biki tun azahar, ba ta fito ba sai da aka kira magariba. Fim goma sha tara ta ƙarar. Ta dawo gida ta zube a kujera tana riƙe da kafaɗar dama, ta ce in miƙo mata man zafi.

"Amaryar ta yi rawar?" na tambaya.

"Har ɗankwali ya faɗi, ta taka shi ta ci gaba."

"A nuna mini mana."

"Je ka tambayi uwarta," in ji Hajiya, ta miƙe ƙafa bisa tebur.