Haƙorin da na goge da samfefa

Cikin kurakuran da na tafka a rayuwa, akwai ɗaya da nake fatan a ce ban yi ba, kuma a bakina na yi shi. Shekarun baya ne, lokacin ina lodin albasa a Aliero. Ƙyauren bayan mota ya kuɓuce wa direba ya dake ni a baki, haƙorina na gaba ya karye, sai ɗan guntu ya rage. Daga ranar na koma dariya da hannu a baki.

A lokacin ɗiyata ta gama karatun haɗa haƙora, an ɗauke ta gwaji a wani ɗakin aiki a Birnin Kebbi. Ta ce za a yi wa guntun hula ta tangaran, kuma maigidanta na wurin aikin ya yarda ita za ta yi ta da hannunta. Idan aikin ya yi kyau za a riƙe ta, idan bai yi ba ta dawo gida.

Kar ku so ku ga murnata. Babu wanda ban gaya wa ba, daga mahautan kasuwar Jega har surukaina na Maiyama. Cewa nake za su ga haƙori fari tas, aikin ɗiyata.

Ranar da likita ya manna shi, aka miƙo mini madubi. Ya zauna daram, yana sheƙi. Sai dai ba fari ba ne. Gindinsa da ɗan ja-ja, kamar na mutumin da ya shekara yana cin goro. Ɗiyata tana tsaye tana kallon fuskata, sai na ce, “Madalla, Allah shi yi albarka.” A raina kuwa cewa na yi yarinya ta bar datti a aikinta.

A kasuwa abokina mahauci ya ce in buɗe baki. Ya duba, ya sake dubawa.

“Wanne na sabon? Ko tsohon wani anka ba ka?”

Aka yi ta dariya. Ban zame ko'ina ba sai rumfar wani kafinta, na roƙi guntun samfefa. Na zauna gaban madubin babur ina gurza, jan yana fita, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Har ina jin na rufa wa ɗiyata asiri.

Farin bai daɗe ba. Sheƙin ya tafi, haƙorin ya koma kaushi yana kartar mini leɓe, goro ya kama shi ya yi dabbare-dabbare.

Da lokacin komawa a duba haƙorin ya yi, maigidanta ya haska bakina ya ɓata rai. Ya juya wurinta ya ce ruwan sheƙin da ake shafa wa haƙorin bai kama ba, ba ta gasa shi yadda ya kamata ba. Ta ce ta gasa. Ya ce to ga shaida a bakin mahaifinta. Na ga idonta ya kawo ruwa. Da kunya nake faɗa muku, sai da na ɗan yi shiru ina tunanin girmana kafin na buɗe baki.

“Ranka shi daɗe, ba laifinta ba ne. Ni na goge shi.”

“Da me?”

“Da samfefa.”

Ɗiyata ta ce, “Baba, samfefa ta katako?”

Na ce datti na gani. Ta ce, “Wane datti? Ni na zana shi. Haƙoranka na duba ɗaya bayan ɗaya, na haɗa kalar goronka, don kada kowa ya gane wanne ne na tangaran.”

Mutumin ya yi dariya har da dafa tebur. Ya ce a cire, ta sake wani, ni kuma in zo in zauna in gani da idona.

Na zo kuwa. Ban taɓa ganin aiki mai ban sha'awa irin wannan ba. Ta ɗauki buroshi siriri kamar gashin gira, tana ɗiga launi a gindin haƙorin, ta kalli bakina, ta ƙara. Ta shafe shi da wani ruwa fari-fari, ta sa a ɗan murhun lantarki. Da ya fito ya huce, sai ga shi yana ƙyalli kamar an jiƙa shi da yawu. Na miƙe tsaye ina ta salati, ina kiran sauran ma'aikatan su zo su gani, kamar ba aikinsu ba ne kullum. Ita kuwa tana ta cewa, “Baba, zauna don Allah.”

An riƙe ta a aikin. Haƙorin yana bakina har yau. Amma duk lokacin da na tuna shirun da na yi tana tsaye ana zarginta, sai in ji nauyi a ƙirjina.

Don haka ina roƙonku, idan ɗanku ya kawo muku aikin hannunsa kuka ga abin da ba ku gane ba, ku tambaye shi kafin ku gyara masa. Idan kuma kun riga kun ɓata, ku faɗa tun kafin a ɗora masa laifin.