Layin Toka

Shekara da shekaru, wani tela a unguwarmu ne yake zana layin filin ƙwallonmu da toka, sannan ya koma gefe yana ihu har muryarsa ta dishe. Da ya rasu, wasanmu da 'yan Digil ya faɗo washegarin sadakar uku. Dattawa suka ce a fasa, wai rashin kunya ne. Na ce wallahi ba za a fasa ba, su dattawan ba su san shi kamar mu ba. Muka je gidan makokin, matarsa da kanta ta kwaso mana tokar murhu cikin bokiti. Layinmu ya fito a karkace, aka ci mu biyu da nema. Har yau ban ba kowa haƙuri ba.