Jakar Delu a Dutsen Tuwaiƙ

Shekara tara Delu tana sharar wani dogon gini a unguwar Murabba ta birnin Riyad, ba ta taɓa shiga lif ba. Hawa goma sha takwas take takawa da bokitinta. Cewa take tsoron akwatin take ji. Gaskiyar magana, a matakala ne kaɗai babu mai azalzalar ta da "yalla, yalla".

A nan Muhibba ta gan ta. Muhibba haifaffiyar Riyad ce, ma'aikaciya a ginin, tana haɗa ƙungiyar mata masu hawan dutse da za su tafi duwatsun Asir. Tana motsa jini tana haki, sai ga dattijuwa ta wuce ta tana hira a waya.

"Inna, gurbi ɗaya ya rage mana. Asabar akwai gwaji a Tuwaiƙ."

Delu ta ce ina ita ina dutse. Washegari kuwa ta je kasuwar Batha ta sayi takalmi. Yayarta Biba, can Maraɗi, shekara huɗu tana cika dangi da labarin hawanta Jabal Nur lokacin Hajji, Delu kuma ta gaji da cewa ma sha Allah.

Sharaɗin gwajin ɗaya ne: ki kai ƙololuwa da jakarki cikin awa biyu. Ran Asabar a gindin dutsen, Delu ta jujjuya igiyoyin jakar da aka ba ta, ta taɓe baki, ta naɗe gyale ta yi gammo, ta ɗora ta a ka.

"Inna, goya ta ake yi!" in ji Muhibba.

"Jaririya ce? Ku dai ku taka."

Ta yi wa sauran 'yan matan nisa, hannuwanta na lilo. Sai ga wata matsattsiyar hanya da dutse ya rufo ta sama. Tana sunkuyawa jakar ta yi karo, ta gangara har gindin kwazazzabo.

'Yan matan suka wuce ta suna danne dariya. Delu ta ja tsaki, ta sauka. Can ƙasa ta warware gammon, ta goya jakar, ta tamke da gyalen, ta kamo hawa da ƙafa da hannu.

Saura minti huɗu ta iso, gwiwa duk ƙura. Muhibba ta duba agogo, ta rubuta sunanta a gurbin ƙarshe.

"Inna, ya ƙafa?"

"Ƙafa lafiya lau, 'yar nan. Wace rana ce tafiyar? In nemi hutu tun yanzu."